Sigari a matakala, tari a ɗakin maƙwabci: hayaƙin da ke yawo a gidajen haya

Duk wanda ya taɓa cin hunturu a unguwannin bayan birnin Paris, ko Brussels, ko Bronx ta New York, ya san warin nan. Ana tura ƙofar shiga gidan bene, kafin ido ya saba da hasken matakala hanci ya riga ya ba da labari: wani ya tsaya nan ya sha sigari. Wataƙila minti biyar da suka wuce, wataƙila tun da asuba. Guntayen suna nan a kusurwa, wasu cikin gwangwanin lemo da aka mayar mazubin toka.

Mai shan ba mugu ba ne. Sau da yawa ma kirki yake ganin ya yi. Uwargida ta hana shi sha a ɗaki saboda yara, waje kuma sanyi ya kai ruwa na daskarewa, sai ya zaɓi tsakiya: ya ja ƙofarsa, ya tsaya a matakala ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna. A ganinsa ya tsare iyalinsa. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne ƙofa shida ko takwas ne ke buɗewa a kan lungun nan, kuma bayan ɗaya daga cikinsu akwai jinjiri ɗan wata uku, bayan wata akwai yarinya mai asma, bayan ta ƙarshe akwai tsohuwa mai ciwon zuciya.

Ƴan Nijar da ke zaune a ƙasashen waje, ɗalibai da ƴan ci-rani da masu iyali, da yawansu a irin waɗannan gidaje suke. A gida ma, Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa cike suke da gidajen haya inda iyalai biyar ko goma ke tarayya a zaure ɗaya da tsakar gida ɗaya, ga kuma benaye da ke ta tashi a sababbin unguwanni. Tambayar iri ɗaya ce a can da nan: wurin da na kowa ne, wa ke da iko da iskarsa?

Bene tulu ɗaya ne na iska

Takardar haya tana raba gini ɗaki-ɗaki, kowa da lambarsa da makullinsa. Iska ba ta san wannan rabo ba. A ƙasashen sanyi, idan aka kunna na'urar ɗumama gida, iskar ciki tana fin ta waje zafi, kuma iska mai zafi sama take yi. Matakala da ramin da lif ke bi sai su zama kamar bututun hayaƙin gidan burodi: benayen ƙasa suna zuƙo iska daga waje, ta hau, ta fita ta benayen sama. Saboda haka sigarin da aka kunna a bakin ƙofar shiga kan ƙare a hawa na biyar ko na shida, a ɗakin mutumin da bai taɓa ganin fuskar mai shan ba.

Akwai kuma abin da mai ɗaki ke yi da hannunsa bai sani ba. Fankar da ke fitar da tururi daga madafa ko banɗaki tana kwashe iskar ɗaki, kuma dole wata iskar ta shigo ta maye gurbinta. Idan tagogi a rufe suke, hanya mafi sauƙi ita ce ƙarƙashin ƙofa, wato daga lungu. Sauran hanyoyin ido ba ya ganinsu: tsagar da ke kewaye da bututun ruwa, ramin wayar lantarki, ɗan gibin da ke tsakanin bango da silin.

An auna wannan a jikin yara. A 2011 mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, ta wallafa binciken da Dakta Karen Wilson da abokan aikinta suka yi a kan yara kusan 5,000 waɗanda babu mai shan taba a cikin gidajensu. Sun duba kotinin, wato abin da nikotin ke rikiɗewa ya zama a cikin jini, wanda da shi ake gane ko mutum ya shaƙi hayaƙin taba. Yaran da ke zaune a gidajen bene na tarayya sun fi na gidajen da ke tsaye su kaɗai da kashi 45 cikin ɗari. Iyayen nan ba su kunna ko kara ɗaya ba, amma ga shaida a jinin ƴaƴansu.

Dabarun da aka saba yi, buɗe taga, kunna fanka, fesa turare ko sa turaren wuta, wari kawai suke ragewa ko su rufe. Turaren wuta ma hayaƙi ne aka ɗora kan hayaƙi. Ƙungiyar injiniyoyin Amurka masu tsara na'urorin sanyaya gini da zagayawar iska, ASHRAE, wadda sana'ar ƴaƴanta ke nan, ta fito tun 2005 ta ce babu wata na'ura da za a dogara da ita ta kawar da haɗarin, hanya ɗaya ita ce a daina shan a cikin ginin. Idan masu sayar da maganin da kansu suka ce maganinsu bai isa ba, ya kamata a saurara.

Abin da ke cikin hayaƙin

Hayaƙin da maƙwabci ke shaƙa kashi biyu ne. Akwai wanda mai shan ya zuƙa ya buso, akwai kuma wanda ke tashi daga bakin karan yana ci shi kaɗai tsakanin zuƙa da zuƙa. Na biyun shi ya fi yawa a cikin iska, bai bi ta matacin da ke gindin sigari ba, kuma da yake wutarsa ba ta kai zafin ta lokacin zuƙa ba, wasu gubobin sun fi yawa a cikinsa. A hayaƙin taba akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo cutar daji.

An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin damuwa kawai, kamar ƙarar rediyon maƙwabci. Wani likita ɗan Japan, Takeshi Hirayama, shi ya girgiza wannan tunani a 1981. Ya bi diddigin matan aure fiye da 90,000 da ba sa shan taba na tsawon shekaru, ya gano cewa waɗanda mazajensu ke sha sun fi mutuwa da cutar dajin huhu, kuma haɗarin na ƙaruwa gwargwadon yawan karan da mijin ke sha. Kamfanonin taba sun kashe kuɗi da yawa don su ɓata binciken, amma binciken da suka biyo baya sun gaskata shi. A 2006 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya rufe gardamar: wanda ba ya sha amma yana shaƙa a gida ko wurin aiki, haɗarin ciwon zuciyarsa na ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, na dajin huhu da kashi 20 zuwa 30, kuma babu wani adadi, kome ƙanƙantarsa, da za a ce ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya da ba sa shan taba ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin wasu.

Yara ne abin ya fi shafa, don numfashinsu ya fi na manya sauri, huhunsu bai gama girma ba, kuma ba su da ikon tashi su bar wurin. Ciwon haƙarƙari, tari mai naci, ciwon kunne da ke zuwa yana komawa, tashin asma, da mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci, duk an danganta su da wannan hayaƙi. Mai ciki da ke shaƙarsa tana iya haifar ɗa mara nauyi.

Sannan akwai saura. Nikotin yana manne wa bango, labule, katifa da kafet, ya yi makonni ko watanni. A matakalar da ake sha kullum, fenti da kansa yana komawa ruwan ɗorawa. Yaron da ke rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, yana samun rabonsa ko da mai shan ya tafi aiki tun safe.

Doka tana tsayawa a bakin ƙofa

Ƙasashe da yawa sun kori sigari daga ofis, jirgin ƙasa, gidan abinci da mashaya, kuma an ga amfanin. A Scotland, bayan dokar 2006, yawan waɗanda ake kwantarwa a asibiti saboda bugun zuciya ya ragu da kashi 17 cikin ɗari a shekarar farko. Amma gida ya gagara, don babu gwamnatin da ke son a ce ta leƙa ɗakin barcin mutane. Sakamakon haka, ma'aikacin gidan abinci ya samu kariya a wurin aikinsa, ya dawo gida ya tarar da hayaƙi a matakala.

A Faransa, inda ɗalibai da iyalai ƴan Nijar da dama suke, tushen dokar ita ce ta Évin ta Janairun 1991, wadda aka ƙarfafa da ƙudurin Nuwamban 2006 da ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2007. Haramcin ya shafi wuraren da ke rufe masu rufi waɗanda jama'a ke shiga ko kuma ake aiki a cikinsu. Matakalar gidan haya ba kasuwa ba ce, amma idan akwai mai gadi ko mai shara da ke aiki a cikinta, ta zama wurin aikin wani, kuma ta wannan ƙofa ake shigar da ita ƙarƙashin dokar. Ƙa'idojin cikin gida na ginin ma suna iya hana sha a matakala, lif da zauren shiga. A tsakiyar 2025 Faransa ta faɗaɗa haramcin zuwa bakin teku, lambunan shaƙatawa, rumfunan jiran bas da kewayen makarantu. Cikin ɗaki da baranda kuwa suna hannun mai haya. Wanda hayaƙin barandar ƙasa ke shigo masa ta taga, abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar wa alƙali cewa damuwar ta wuce abin da maƙwabci ya saba jurewa, ƙa'idar da aka shigar cikin kundin dokokin farar hula a Afrilun 2024.

Tabbatar da hakan kuwa aiki ne. Wata shari'a da aka yi a Jamus ta nuna haka. Wani dattijo ɗan fansho a birnin Düsseldorf, wanda ya shekara kusan 40 a ɗaki ɗaya, a ginin da ya taɓa yi wa aikin kulawa, mai gidan ta ba shi takardar tashi a kan cewa hayaƙinsa na cika matakala yana damun sauran mazauna. A 2013 kotun farko ta ba mai gidan gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta bi bayanta. A Fabrairun 2015 babbar kotun tarayya ta soke hukuncin, ta ce ba a yi cikakken bincike a kan ko warin ya kai yadda ake faɗa ba. Aka koma aka saurari shaidu, wasu suka ce matakalar ba ta shiguwa, wasu suka ce ba su ji wani abin a-zo-a-gani ba. A Satumban 2016 dattijon ya yi nasara, ya ci gaba da zama a ɗakinsa. Shekara uku ana jeka-ka-dawo a kan wari, abin da ba a iya ɗauka a kai gaban alƙali. A wata shari'ar ta daban, a Janairun 2015, wannan babbar kotu ta ce idan hayaƙin baranda ya yi yawa ana iya raba lokaci: sa'o'in da mai sha zai sha, da sa'o'in da maƙwabci zai zauna a barandarsa ba hayaƙi.

Amurka ce ta fi shiga ciki. Ƙaramin garin Belmont na jihar California ya kafa doka a 2007 da ta hana sha har a cikin ɗakunan gidajen bene na tarayya. A birnin New York, tun 2018 an haramta sha a matakala, lungu da zauren duk ginin da ke da gida uku ko fiye, kuma wajibi ne mai gini ya rubuta matsayinsa a kan shan taba ya sanar da masu haya. Babban mataki shi ne na ma'aikatar gidaje ta tarayya, wadda ta ba dukan gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi wa'adin ƙarshen Yulin 2018 su hana sigari da shisha a cikin ɗakuna, a wuraren tarayya, da kuma waje har tazarar ƙafa 25 daga jikin gini, wato kusan mita 8. Gidaje fiye da 900,000 dokar ta shafa.

Sai dai rubuta doka daban, tsabtace iska daban. Masu bincike sun ajiye na'urorin awo a benayen gwamnati na New York kafin dokar da bayanta, kuma a sakamakon da suka fitar a 2020 ba su ga wani bambanci na kirki ba a shekarar farko. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dattijon da ke hawa na 15, ga ciwon gwiwa, ga lif da ke yawan lalacewa, ba zai sauko cikin ƙanƙara da tsakar dare don kara ɗaya ba. Ma'aikatan ginin ba ƴan sanda ba ne. Maƙwabta kuma ba sa son su zama sanadin korar talaka daga gidan da ba shi da wani. Dokar da ba ta zo da wurin sha na waje ba, ba ta kuma zo da taimakon dainawa ba, takan ƙare a matsayin takarda manne a bango.

Baƙo da tsoron ƙorafi

Ga ɗan ci-rani akwai wani nauyin na daban. Mai cikakkun takardu da sunansa a kan takardar haya yana iya rubuta wa mai gida ko hukumar da ke kula da ginin. Wanda ke zaune a ɗakin da aka kama da sunan wani, ko mutum shida a ɗakin da aka rubuta mutum biyu, ko wanda takardunsa ba su fito ba, abu na ƙarshe da yake so shi ne a zo duba ɗakinsa. Sai ya naɗe tsumma ya toshe ƙarƙashin ƙofa ya yi shiru. Wani lokacin kuma masu shan a matakala samarin unguwa ne da ba sa ma zaune a ginin, kuma ba sigari kaɗai suke sha ba, magana da su tana iya jawo abin da ya fi tari.

Duk da haka akwai matakan da ba sa buƙatar lauya. Mafi arha shi ne tambaya kafin a sa hannu: ana shan taba a ginin nan? A zagaya matakala da yamma, lokacin da mutane suka dawo, hanci zai ba da amsar da dillali ba zai bayar ba. Idan an riga an shiga, magana cikin girmamawa da mai shan takan yi aiki fiye da yadda ake zato, don da yawansu ba su san hayaƙin na shiga ɗakin wani ba. Idan ba ta yi ba, a riƙa rubuta rana da lokaci, a nemi takardar likita in akwai yaro mai asma, a haɗa kai da wasu maƙwabta a rubuta wasiƙa ɗaya, don ƙorafin gida huɗu ya fi na mutum ɗaya nauyi kuma ba ya fallasa kowa shi kaɗai. A Faransa akwai masu sulhu na kotu da ke shiga tsakanin maƙwabta kyauta. A New York ana kiran lamba 311. Toshe ƙarƙashin ƙofa da tsagogin bututu yana rage hayaƙin, amma ba ya tsayar da shi.

Ya kamata kuma a faɗi ɗaya gefen: wani lokacin mai shan namu ne. Ɗakin ƴan samari da ake taruwa a ƙarshen mako, ga shayi, ga ƙwallo a talabijin, ga tukunyar shisha, tagogi a rufe saboda sanyi, hayaƙinsa ta wannan lungun yake fita zuwa ɗakin wasu.

Tsakar gida da zaure

A Nijar tsarin ginin daban ne. Gidan haya na Bukoki ko Talladje a Yamai, na Zariya a Maraɗi ko na Garin Malam a Damagaram, galibi ɗakuna ne a jere, ciki da falo, suna kallon tsakar gida ɗaya wadda samanta a buɗe yake. Gaskiya ne hayaƙi a fili ya fi saurin watsewa fiye da a rufaffiyar matakala, kuma ba daidai ba ne a ce haɗarin ɗaya ne. Amma tsakar gidan haya ba filin idi ba ce. Taki huɗu ko biyar ne tsakanin ƙofa da ƙofa. Mai shan da ya zauna a barandarsa, ƙarƙashin tagar maƙwabci yake zaune. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke koro kowa waje, tabarmar yara tana shimfiɗe kusa da kujerar mai sigari har tsakar dare. A Disamba da Janairu kuma ana komawa ciki a rufe ƙofa, kuma a gidajen da bangon tsakani bai kai kwano ba, ko silin ɗin ɗaya ne, iskar ɗaki biyu ɗaya ce. Zaure, inda samari ke kafa fada idan iska ta taso, shi ne matakalar gidan ƙasa: rufaffe, matsattse, kuma kowa ta nan yake bi.

Shisha ta ƙara wa abin nauyi. Ƙamshin tuffa ko na'ana'a yana sa a ɗauka ba taba ba ce, kuma ana cewa ruwan yana tace gubar. Ba ya tacewa. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a zaman shisha na sa'a ɗaya mutum na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 ko fiye. Ga kuma gawayin da ke ci a samanta, wanda ke fitar da iskar nan mai guba mara wari mara launi, irin wadda ke kashe masu kwana da murhu ko janareto a rufaffen ɗaki. Wanda ke kusa yana shaƙar na tabar da na gawayin gaba ɗaya. Mali ta haramta shisha baki ɗaya a 2022.

Wani zai ce, a gidan da ake girki da itace safe da yamma, ga ƙurar hunturu, ga maganin sauro na kunnawa, mene ne hayaƙin kara biyu? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don hayaƙin murhu babbar matsala ce a kan kanta, kuma mata da yara ne ke shanta. Sai dai huhun da itace da ƙura suka riga suka gajiyar shi ne wanda ƙari ya fi yi wa illa. Kuma tuwo dole ne a dafa shi a cikin gida, sigari ba dole ba ne. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, kuma ciwon haƙarƙari na cikin manyan masu kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 tare da zazzaɓin cizon sauro da gudawa, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Masu shan sigari a Nijar kusan duk maza ne. Masu yini a tsakar gida mata ne da yara.

Ta fuskar doka Nijar ba ta makara ba. Ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaƙi da taba a 2005, shekarar da yarjejeniyar ta fara aiki, sannan ta kafa doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayun 2006, wadda ta hana talla da sha a wuraren jama'a da wuraren aiki. Ƙungiyoyin farar hula irin su SOS Tabagisme-Niger sun daɗe suna matsa lamba a kan a yi aiki da ita. Amma ko a tashar mota da ofis bin dokar sai a hankali, balle tsakar gida, inda babu wanda zai yi tunanin kiran ɗan sanda don maƙwabci ya kunna sigari.

Abin da ke rufe baki a nan ba tsoron hukuma ba ne, kunya ce. Matar aure ba za ta tari mijin wata ta ce ya kashe sigarinsa ba. Saurayi ɗan haya ba zai faɗa wa sa'an mahaifinsa ba. Sabon shiga ba ya son a ce daga zuwansa ya fara kafa doka. An san zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma rigimar gidan haya idan ta tashi a kan sigari takan ƙare a kan igiyar shanya da layin famfo. Sai a haɗiye, a kai yaro likita, a sayi maganin tari, a dawo da shi ɗakin da tagarsa ke kallon barandar nan.

Amma gidan haya na Hausa yana da abin da benen Turai ba shi da shi: hanyoyin isar da magana ba tare da an ci fuskar kowa ba. Uwar yaro tana faɗa wa matar mai shan, ita kuma ta san lokacin da za ta faɗa wa mijinta. Akwai dattijon gida, wanda ya fi kowa daɗewa, da zai iya kiran saurayi gefe ya ce masa, ɗana, yaron Hajiya ba ya jin daɗin ƙirjinsa, ka riƙa fita da abin nan waje. Akwai kuma mai gida. Shi ke faɗin lokacin rufe ƙofa, yadda za a raba kuɗin wuta da ruwa, da ranar da kowane ɗaki zai wanke banɗaki, kuma ana bi ba tare da an je kotu ba. Ƙara sharaɗi ɗaya a ranar karɓar kuɗin ajiya, cewa ba a shan sigari ko shisha a zaure, baranda da tsakar gida, ba zai ci masa ko dala ba, zai ma rage masa kuɗin fenti da haɗarin gobara. Sharaɗin da aka faɗa wa kowa tun ranar shiga ba ya zama cin mutuncin mutum ɗaya.

Koriya ta Kudu, ƙasar da akasarin mutanen biranenta a benaye suke, ta mayar da irin wannan yarjejeniya doka a 2016: idan rabin gidajen da ke gini suka sa hannu, hukuma tana ayyana lungu, matakala, lif da garejin ƙarƙashin ƙasa a matsayin wuraren da ba a shan taba. Masu gina sababbin benaye a Yamai, da masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, suna da damar rubuta wannan tun kafin mutum na farko ya shigo da katifarsa, lokacin da babu wanda zai ce da shi ake.

Mai shan kuma yana buƙatar inda zai je, in ba haka ba sharaɗin zai mutu kamar yadda ya yi sanyi a benayen New York. A nan an yi sa'a babu ƙanƙara, babu hawa 15. Mita 8 ɗin da Amurkawa suka auna, a yawancin gidajen Maraɗi ko Tawa, daga bakin zaure ne zuwa gindin dogon yaron da ke ƙofar gida, inda dama can akwai benci.